JAKAR BARCI TA ƘASASHEN SANYI: Asalinta, Ɗinkinta, Da Abin Dubawa Kafin A Saya

Jama'a, duk wanda ya taɓa raka shanu Kudu cikin watan Disamba ko Janairu ba sai an yi masa bayanin ɗari ba. Da rana ana gumi a kara, amma da dare ya raba, jaura ta taso, sai ka ga ƙato ya dunƙule kamar bushiya. Maigida dai yana gaban mota kusa da direba, an ɗaga gilashi. Yaran da ke bisa katako a saman tirela, masu tsaron kada wata saniya ta faɗi a tattake ta, su ne iska ke duka har asuba. In kuma aka tsaya a kan iyaka jiran takardun duwan, su ne ke kwana a ƙasa bisa kwali. Saboda su muka ga ya kyautu mu yi bayani a kan wani kaya da kan fito cikin dilolin gwanjo daga Turai da Amurka, watau bargon nan mai zif da mutum ke shiga cikinsa kamar buhu. Mu dai za mu kira shi jakar barci.

Akwai wanda zai sayi wannan jaka da tsada ya kwana yana makyarkyata, akwai wanda zai sayi mai araha ya yi barci har da minshari. Dalilin haka yana cikin tarihinta da yadda ake ɗinka ta.

Abu na farko, jakar ba ta da ɗumi nata na kanta. Ba wuta ba ce. Jikin mutum shi ne murhu: babban mutum in yana barci yakan fitar da zafi kimanin wat 70 zuwa 80, watau kamar tsohon ƙwan lantarki irin mai zafin nan. Aikin jaka kawai ta hana wannan ɗan zafi gudu. Abin da ke tare zafin kuwa ba ƙyallen ba ne, iska ce, wadda aka kulle cikin gashi ko auduga ta kasa motsi. Kowa ya ga yadda kaza ke buɗa gashinta da sanyin safiya, ta zama kamar ta ƙara ƙiba. To, iska take tarawa. Abu biyu ke ɓata wannan dabara: danshi, da dannewa. In ruwa ya shiga, ya kori iskar. In nauyi ya danne, ya matse ta waje. Shekara 150 ke nan masu ɗinka jakar barci suna fama da waɗannan biyun.

Wanda aka fi ambata a matsayin mafarin sana'ar wani ɗan kasuwa ne na garin Newtown a ƙasar Wels ta Birtaniya, mai suna Pryce Jones, wanda ya yi suna wajen sayar da kayan ulu ta gidan waya, mutum ya aiko da wasiƙa a aika masa da kaya. A 1876 ya yi rajistar wani bargo da ya sa wa suna Euklisia. Bargon ulu ne da ake ninkewa a ɗaure gefensa, an kuma ɗinka masa matashi na roba a wajen kai, wanda ake hurawa da baki. Sojan Rasha suka yi odar guda 60,000, suka yi amfani da su a yaƙinsu da Turkiyya, har a wajen ƙawanyar da suka yi wa garin Plevna a 1877. Da garin ya faɗi sai Rashawa suka ce ba su bukatar sauran, suka bar shi da guda 17,000 a hannu. Wannan ciwon mun san shi: ka kai garke Legas a kan alkawari, mai saye ya ce ya fasa. Mutumin bai zauna yana kuka ba, sai ya shiga tallar kwantan nasa a matsayin shimfiɗa mai rahusa ga masu taimakon talakawa, kuma bargon ya yi tafiya har Kwango da dazuzzukan Ostareliya.

Amma in gaskiya za a bi, Bature ba shi ya fara sanin yadda ake kwana cikin ƙanƙara ba. A can arewacin Norwe da Suwidin da Finlan akwai wata ƙabila ta makiyaya, Sami, waɗanda dukiyarsu wata irin barewa ce ta ƙasar ƙanƙara. Suna bin ta kiwo kamar yadda Fulani ke bin shanu, su ci namanta, su sha nononta, su sa fatarta. Gashin wannan dabba kowane sili rami ne da shi a ciki kamar karan sigari, cike da iska, shi ya sa fatarta ta fi kowane bargon ulu riƙe ɗumi. Da Fridtjof Nansen, mutumin Norwe, ya tashi ratsa tsibirin Girinlan daga gabas zuwa yamma a 1888, su shida ne, biyu daga cikinsu Sami, Balto da Ravna. Jaka biyu suka ɗinka da fatar barewar, kowace tana cin mutum uku. Hikimar a fili take: murhu uku cikin ɗaki ɗaya, ga kuma sauƙin kaya, tunda su da kansu ke jan kayansu bisa ƙanƙara. Sun haɗu da sanyin da ya kai wajen digiri 45 ƙasa da sifiri, kuma dukansu shida sun fita da rai. Bayan wannan tafiya da kaɗan wani kamfanin Norwe, Fuglesang, wanda dā ma aikinsa yin audugar cushe kaya, ya shiga ɗinka jakunkunan barci na sayarwa, waɗanda aka san su da sunan Ajungilak.

Inda fata ta gaza

Labarin da ya fi nuna ƙarfin danshi ya faru ne a ƙarshen duniya ta kudu, Antatika, a 1911. Turawan Birtaniya uku daga cikin ayarin Kyaftin Scott, watau Wilson da Bowers da Cherry-Garrard, suka fita tsakiyar hunturun can, lokacin da rana ba ta fitowa ko kaɗan, wai neman ƙwan wani tsuntsu da ba ya tashi, fengwin, don binciken kimiyya. Sun bar sansani ran 27 ga Yuni, suka komo ran 1 ga Agusta, mako biyar ke nan cikin duhu, sanyi kuwa har ya taɓa digiri 60 ƙasa da sifiri. Jakunkunansu na fatar barewa ne, mafi kyau da ake samu a lokacin, da shafi na gashin agwagwa da ake zurawa ciki.

Ba ruwan sama ya cuce su ba, ruwan jikinsu ne. Mutum ko bai ji gumi ba, fatarsa da numfashinsa suna fitar da tururi dare duka, abin da in an tara zai cika kofi ko fiye. A ɗakinka wannan tururi ficewa yake ya bi iska. A can kuwa da ya ratsa gashin ya kusa waje sai ya daskare, kuma babu rana ko wutar da za a shanya. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Jakar Cherry-Garrard da suka tashi nauyinta wajen kilo 8 ne, da suka komo ta kai kilo 20, ƙarin duk ƙanƙara ce. Ta sandare kamar katako, ba ta naɗuwa, kuma kowane dare sai mutum ya daɗe yana kutsawa yana narkar da hanya da ɗumin jikinsa kafin ya samu shiga. Ƙwai uku suka kawo gida. Allah Ya kyauta.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, mu da ba mu da ƙanƙara? Ruwanmu shi ne dokar ɗaya ce ko'ina. Yaron da ya yini yana kokawa da bijimai wajen lodi, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, ya shige jaka da ita, sa'an nan ya tura kai ciki yana numfashi, da safe kuma ya naɗe ta da danshinta ya cusa a buhu, to kafin a kai Kwatano jakar ta zama tsumma mai wari.

Gashi, rimi, da roba

Fata tana da nauyi, tana zubar da gashi, in ta jiƙe kuma tana ruɓewa. Saboda haka masu hawan duwatsu na Turai, waɗanda ke goya kayansu a baya, suka koma ga gashin tsuntsu. Ba fiffike ake nufi ba, ba kuma gashin nan mai tsinke ba. Lallausan gashin da ke ƙarƙashi, a ƙirjin agwagwa da dinya, wanda ba shi da tsinke ko kaɗan, in ka hura shi sai ya tashi sama kamar hayaƙi. Mafi daraja shi ne na wata agwagwar teku da ake samu a Aislan, wadda ke tsige ƙirjinta da kanta ta shimfiɗa wa ƙwanta. Manoman can suna tsaron tsuntsayen daga dila da sauran maɓarnata, su kuma tsinci gashin daga sheƙa. Sai an tara na sheƙa 60 ko fiye kafin a sami kilo ɗaya. Wannan sai masu hannu da shuni. Yawancin gashin da ke cikin jakunkunan yau daga agwagin da ake kiwo don nama yake fitowa, kuma ƙasar Sin ce kan gaba wajen samar da shi.

Ana auna kyan gashin ne da yawan wurin da yake cikawa in ya buɗe. Shi ne lambar nan da ake gani a jikin wasu jakunkuna, 600 ko 700 ko 800. Mai lamba 800, giram 28 kacal nasa yakan buɗe ya cika wurin da ya kai lita 13, fiye da rabin jarka. Har yau ba a ƙera wani abu da ya fi shi ɗumi in aka gwada da nauyinsa ba. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: in ya jiƙe sai ya manne ya dunƙule kamar jiƙaƙƙiyar kaza, ɗumi ya tafi, ga wuyar bushewa.

A nan sai mu ɗan tsaya a gida. Kafin zaren roba ya yawaita, jakunkuna masu araha da yawa a Turai da Amurka da audugar rimi ake cusa su, ita dai wadda iyayenmu ke cusa matashi da katifa, wadda kuma ake cusa lifidin dawakin sarakuna. Silinta ma rami ne da shi kamar gashin barewar can, ba ta shan ruwa da sauri, shi ya sa har rigunan ceto na jiragen ruwa aka yi da ita. Abin da ya kayar da ita, in ta daɗe tana shan danna sai ta karairaye ta zama gari, sa'an nan ga saurin kama wuta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga yin audugar roba, ta foliyesta, wasu ma aka yi silinsu da rami a ciki don kwaikwayon dabba. Cikin shekarun 1980 sojan Amurka suka sa wani kamfani, Albany International, ya ƙera musu wadda za ta yi laushin gashin agwagwa amma ta jure ruwa, aka sami wadda ake kira PrimaLoft. Ta roba ta fi nauyi, ta fi cin wuri, kuma ta fi saurin mutuwa in ana yawan matse ta. Amma ko ta yi danshi tana riƙe wani abu na ɗumi, tana bushewa da wuri, ana kuma wanke ta ba fargaba. A ganinmu, ga mai kwana kusa da fitsarin shanu da raɓar Kudu, ta roba ta fi.

Yanzu maganar ɗinki, wadda ita ce ke raba jakar kirki da ta banza ko da abin da aka cusa musu iri ɗaya ne. In ka zuba gashi tsakanin ƙyalle biyu ba ka tokare shi ba, duk zai gangara gefe ya bar ƙirjinka da ƙyalle tsura. Hanya mai sauƙi ita ce a bi da layin ɗinki a haɗe ƙyallen sama da na ƙasa, kamar yadda ake ɗinka lifidi. To amma a kan kowane layi kaurin ya zama babu, sanyi kuwa nan yake bi ya shiga. Jakar ƙasar sanyi ta gaske ba a haɗe ƙyallayen biyu; ana sa wani siririn ƙyalle a tsaye tsakaninsu kamar bango, sai cikin ya zama ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da gashinsa, kauri ɗaya ko'ina. A ta roba kuma akan jera audugar falle bisa falle, ɗinkin wannan bai hau kan ɗinkin wancan ba. Gane wannan ba wuya: sa hannu ɗaya ciki ɗaya waje a kan layin ɗinki, in yatsunka suka haɗu ba komai tsakani, to ta ɗaki ce ko ta bazara.

Sai siffa. Jakar da ta yi faɗi daga sama har ƙasa kamar buhun gero ta fi daɗin juyi, amma murhun nan na wat 80 sai ya ɗumama wuri mai yawa, ga baki a buɗe. Saboda haka aka fito da mai faɗi a kafaɗa, tsukakkiya a ƙafa, da hula a haɗe wadda ake zuge igiyarta har sai hanci da baki kaɗai ke waje. Sojan Amurka sun yi ta raba irin wannan a Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙi kuma ragowar ta cika kasuwa da araha, ta haka ta bazu. Turawa da kansu suna kiranta da sunan gawawwakin nan na Masar ta dā da ake naɗewa da ƙyalle, don haka wanda ya ce ta yi masa kama da likkafani bai yi ƙarya ba. Masu kyau suna da wata ƙaramar matashiya doguwa da ke bin bayan zif daga sama har ƙasa, domin haƙoran zif ba su tare iska, da wata kuma da ke zagaye wuya don kada ɗumi ya fice duk lokacin da mutum ya motsa.

Duk da haka akwai wurin da ko jakar miliyan ba ta da abin yi, watau ƙarƙashinka. Abin da ka kwanta a kai ka danne shi, iskarsa ta fita, ƙasa kuwa tana shan zafin jiki fiye da yadda iska ke sha, balle ƙarfen mota ko daɓen siminti. Tun 1861 wani mai hawan duwatsu ɗan Ingila, Francis Tuckett, ya gwada jakar bargo mai shafin roba a ƙasa saboda danshi. A farkon shekarun 1970 wasu injiniyoyi a birnin Seattle na Amurka, waɗanda kamfanin jiragen sama na Boeing ya sallama daga aiki, suka ƙera ƴar katifar soso mai shan iska da kanta, Therm-a-Rest. Mu nan ba mu rasa namu ba. Buzun da malamai da Buzaye ke shimfiɗawa aikin nan yake yi, kuma yana yinsa da kyau. In babu, kwali ninki uku ko buhun da aka cusa wa harawa ya fi tabarmar roba nesa ba kusa ba. Wanda kuɗinsa bai kai na jaka da shimfiɗa duka ba, mu dai shawararmu ya fara da shimfiɗa ya rufa da bargonsa.

Lambobin da ke jikinta

A dā kowane kamfani rubuta abin da ya ga dama yake yi. A 2002 Turai ta fito da ƙa'idar gwaji mai lamba EN 13537, wadda a 2016 aka maye gurbinta da ta duniya, ISO 23537. Ana sa wani mutum-mutumi mai ɗumin lantarki cikin jakar, sanye da dogayen kayan ciki, bisa shimfiɗa, a ɗaki mai sanyi, a auna wutar da yake ci kafin ya riƙe ɗuminsa. Daga nan ake fitar da lambobin da za ka gani a wajen wuya ko ƙafar jakar. Da Faransanci akan rubuta Confort da Limite da Extrême, na Ingilishi ma kusan haka suke. Ta farko ita ce sanyin da mace mai kilo 60 za ta yi barci a sake. Ta biyu, sanyin da namiji mai kilo 70 zai yi barci a dunƙule ba tare da ya farka ba. Ta uku kuwa ba ta barci ba ce sam: ma'anarta mutum zai iya kai awa shida bai mutu ba, ko da yatsunsa sun lalace. Mai talla kuwa ita zai nuna maka, don ita ce mai ban mamaki. Kai dai dubi ta farko, musamman da yake an yi gwajin ne da sabuwar jaka, ga shimfiɗa, kuma mutum-mutumi ba ya jin yunwa ko gajiya.

A kula kuma da kayan Amurka, domin ma'auninsu daban ne, suna sa harafin F. Lamba 32 a wurinsu ita ce sifiri a wurinmu, 20 kuwa wajen 7 ke nan ƙasa da sifiri, 50 kuma ita ce 10.

To wace ta dace da mu? A Maraɗi da Damagaram da Tawa daren hunturu yakan sauka tsakanin digiri 10 da 15. Arewa ta fi tsanani: a Bilma an taɓa auna ƙasa da sifiri, a kan duwatsun Abzin kuma ruwa kan yi ƙanƙara. Saboda haka ga mai bin hanyar Kudu, jakar da lambarta ta farko ke tsakanin sifiri da 5 ta isa har da rara, tunda ta gwanjo ta riga ta rage ƙarfi. Sayen wadda aka yi don digiri 30 ƙasa da sifiri asarar kuɗi ce, gumi kawai za ta sa, gumi kuwa mun ga abin da yake yi.

In ka je saye, warware ta ka girgiza, ka ajiye ta minti goma. Mai rai za ta kumbura da kanta, wadda ta mutu za ta kwanta kamar zane. Ɗaga ta ka duba ta a hasken rana, inda haske ya ratso babu komai a wurin. Ja zif sau uku ko huɗu, daga ciki da daga waje. Sansana ta, in tana warin rima bar musu kayansu. In ka saya a wanke ta kafin a kwana ciki, a shanya har ta bushe ƙarau, mai gashi kuma a riƙa bubbuga ta ana warware dunƙulen. A kan hanya kowace safiya a juya cikinta waje a baza ta bisa mota ko rabin awa ne. Wannan gatan rana da muke da shi su Cherry-Garrard da sun samu da ba su sha wuya haka ba. In hunturu ya wuce kada a bar ta matse cikin ƴar jakarta wata tara, a rataye ta ko a sa ta cikin babban buhu a sake.

Saura gargaɗi biyu, kuma muna roƙon iyayen gida su faɗa wa yaransu da baki, don ba duka ke karatu ba. Ƙyallen waje na nailan ne, tartsatsi ɗaya ke huda shi, in kuwa ya kama narkewa yake ya manne a fata, mutum yana ciki a zuge. Kada a kwanta da ita gab da wutar jin ɗumi, kada a sha taba a ciki. Na biyu, kada kowa ya zuge kansa cikinta a saman mota tana tafiya. Hannu biyu a ɗaure, in direba ya taka birki ko saniya ta faɗi, ba abin kamawa. A bisa katako sai dai babbar riga mai kauri da hula da rawani. Ko a ƙasa ma, wanda ke gadin garke da dare ya bar zif a buɗe zuwa ƙugu, ya lulluɓa da ita kamar bargo, sandarsa da tocilarsa a waje inda hannu zai kai.